Fiffike Ɗaya Dogo, Ɗaya Gajere

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyaututtuka ta bana ba, ko da kuwa na so. Sati uku ke nan, amma har yanzu in inuwar shirwa ta gifta ta kaina sai na tsuguna na kare fuska da hannu, 'yan ajinmu su yi ta dariya.

Malam Haruna, malamin kimiyya a makarantarmu ta 'yan mata a Gusau, ya dawo daga kwas a Ingila da wani ɗan jirgin sama marar inji. Tsawonsa bai wuce taɓarya ba, nauyinsa kuwa ko na budurwar kaza bai kai ba. Doguwar roba ake ɗaurewa a turke, a maƙala ta a cikinsa, a ja da baya har ta miƙe, sannan a saki ya haura sama. Daga nan Malam ke juya shi da wani akwati mai eriya kamar rediyo. Fikafikansa iri biyu ne, ana zura su a sandar ƙarfe a kuma zare: dogaye na ranar da iska ta kwanta, gajeru na ranar da take kaɗawa. Kullum kafin ya zaɓa sai ya tsinki ciyawa ya watsa sama ya ga inda za ta nufa.

Ni aikina a kulob ɗin kimiyya shi ne ɗaukar jakar fikafikan, shi ke nan. (Allah Ya gani, na shiga kulob ɗin ne don ranar Alhamis ake yinsa, daidai lokacin da sauran ɗalibai ke sharar fili.) Amma da na zo rubuta wa kakata Inna wasiƙa zuwa Kucheri, sai na ga ɗaukar jaka bai dace da 'yar aji huɗu ba. Na rubuta mata cewa ni ce mai tayar da jirgin sama a makarantarmu. Ban yi tunanin za a karanta mata a tsakar gida, gaban matan unguwa ba.

Ranar bikin da hantsi sai ga Inna a bakin ƙofar makaranta, ita da aminanta biyu, sun hawo babbar mota daga Tsafe, da kwanon hoce, wainar dawa irin ta garinmu, a kanta.

"Ina jirgin naku yake?" in ji ta, ko gaisawa ba mu gama ba. "Ba dai ke za ki shiga ciki ba ko? Don ni ban tahowa in ga ɗiyata bisa iska."

Mai tayar da jirgin ta gaskiya ita ce Ladidi, ƙawata 'yar Bungudu. Na ja ta bayan ɗakin kwana na roƙe ta ta bar mini yau kaɗai.

"Kin iya?"

"Haba Ladidi, sau nawa ina kallo?"

"Kallo kam kin sha shi, 'yar dako. To, a ba ni rabin hocen can."

Da muka faɗa wa Malam, bai yi gardama ba, don kansa ya ɗau zafi. Shugabar makaranta ta ce ya tsaya da akwatinsa a gaban rumfar manyan baƙi don su ga yadda yake sarrafa abin. Turken robar kuwa yana can ƙarshen filin ƙwallo. Ya miƙo mini jirgin yana sauri.

"Ki duba iska, ki sa masa wanda ya dace. In na ɗaga hannu ki saki."

Na isa wurin turken ni kaɗai. Na tsinki ciyawa na watsa kamar yadda nake ganin yana yi. Ta faɗo a kan ƙafata. Iska ta kwanta ke nan, na jawo dogaye. Don in tabbatar na sake watsawa, sai ta yi gabas a guje. Na ajiye dogaye na ɗauko gajeru. Na uku kuwa, rabi ya tafi, rabi ya sauka a kan hancina.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in taka in je in tambayi Malam. Amma sai na ratsa filin nan gaba ɗaya, ga Inna can tsaye a gefen rumfa ta kare ido da tafin hannu, tana nuna ni ga aminanta. Mai tayar da jirgi ta je tambaya? Ina!

To, a gidanmu in mutum biyu suka yi musu, Inna ba ta bai wa kowa gaskiya, raba gardama take yi. Da haka na tashi. Iskar nan ba ta kwanta ba, ba ta kuma kaɗa ba. Sai na zura dogon fiffike a hagu, gajere a dama. (Har na ji daɗin kaina. Na ƙudura in an tashi zan koya wa Malam wannan dabarar.)

Ya ɗaga hannu, na yi bismillah na saki.

Jirgin ya tashi kuwa, har aka fara tafi. Kafin tafin ya yi nisa sai ya karkace dama, ya yi wata irin juyawa kamar ɗan maye, ya saki robar, ya miƙi rumfa. Ina hango Malam yana murɗa akwatin da dukan ƙarfinsa yana ihu, "Me kika sa masa? Me kika sa masa?" Manyan mutane da manyan riguna suka zube ƙasa, kujeru suka kife, shugabar makaranta ta shige ƙarƙashin teburin kyaututtuka. Mutum ɗaya ce ba ta motsa ba. Inna. Tana tsaye tana murmushi, ita a zatonta haka tsarin yake.

Na ga jirgin ya nufi kanta. Na ga ta faɗi.

Ban san yadda na ratsa filin ba. A raina na gama cewa na kashe kakata saboda layi ɗaya a wasiƙa. Na iske ta zaune daɓas a ƙasa, kai ba ɗankwali, furfurarta a waje gaban duk manyan gari. Ɗankwalin yana can cikin shinge, naɗe a hancin jirgin. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na faɗa jikinta ina kuka, ita ce ma ke lallashina.

Malam ya zaro jirgin daga shinge. Ya zare fikafikan biyu, ya jera su, ya ɗaga sama kowa ya gani. Ɗaya ya fi ɗaya da taƙi guda da rabi. Sai ga muryar Ladidi daga baya, bakinta cike da hoce: "Ai ta sha kallo!"

Inna ta karɓi ɗankwalinta ta kaɗe, ta dubi fikafikan, ta dube ni.

"Ke ɗiyag ga, mi kika yi haka? Duk kajin da kika tashi cikinsu, wace kika taɓa gani da guda dogo guda gajere?"

Nan rumfa ta ɓarke da dariya, har da waɗanda ke kakkaɓe rigunansu. Malam ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Hukuncina shi ne in liƙe fiffiken da ya tsage da hannuna, in kuma yi wa dukan makaranta bayanin abin da ya sa jirgin ya karkace. Na kuwa yi duka biyun.

Da na raka su Inna tasha, ta riƙe hannuna ta ce, "Ki dai yi ta karatunki, Allah Shi yi albarka. Amma ran da za ki sake tayar da shi, ki aiko mini tun da wuri, in zamna gida."

Abin da na koya dai shi ne, in ban san abu ba in taka in je in tambaya, ko da filin ya kai daga Gusau zuwa Tsafe. Kunyar tambaya ta minti biyu ce. Wannan kuwa, Ladidi ta rantse sai jikokina sun ji labarinta.