Tsallen Da Na Yi A Kamun Zainab

Ba zan taɓa mantawa da ranar kamun Zainab, ɗiyar yayana ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Da la'asar aka yi, a wani ɗakin taro a Gwallameji, aka gayyato 'yan mata huɗu masu rawar gargajiya.

Ina zaune a sahun iyaye, na sha leshi da takalmi mai tsini da na sayo a kasuwar Muda Lawal. Shekaruna arba'in da bakwai, mataimakiyar shugabar makaranta ce ni, ɗalibai har gyara tafiya suke in sun hango ni. Me ya haɗa ni da fili? Amma da yaran suka fara juyi sai bakina ya ƙi zama. Na ce wa yayar ango da ke gefena, "Wannan ai wasa ne. Da muna sakandare ni ke jan ƙungiyar rawarmu." (Gaskiya na faɗa, sai dai ban ce mata an yi shekara talatin ba.)

"Ah, Hajiya, ai sai ki nuna musu!" Kafin in hana ta, ta raɗa wa mai gabatarwa, aka kira sunana a lasifika.

Takun farko ya yi kyau, mata suka rangaɗa guɗa. Guɗar nan ita ta cuce ni. Na tuna wani tsalle da muke yi, a juya a sama a dira, na ce bari in gwada. Na dai tashi. Wajen dira ne ƙafar hagu ta sauka a gefenta, na ji ƙas, sai ga ni zaune daɓas a gaban dangin ango, ɗaurin kaina ya yi nasa wuri. Makaɗi ya tsaya cak.

Goggo Asabe, ƙanwar babanmu, ta taso tana salati. "A kawo ruwan zafi a gasa, a murza! A kira mai ɗori!"

Sai babbar masu rawar, wai ita Rifkatu, ta durƙusa a gabana. "Goggo, don Allah kar a murza. Mama, nuna min wurin." Ta danna gefen ƙafar, can bayan ƙaramin yatsa, na ƙwala ƙarar da ban san ina da ita ba. Ta ɗebo ƙanƙara daga kular lemo, ta naɗe a hankici ta ɗora, ta ɗaure da bandejin jakarta, ta ɗaga ƙafar bisa kujera.

"Mu kullum a ciki muke," in ji ta. "Targaɗe, ciwon diddige, farce ya fita. In targaɗe ne, ƙanƙara da hutu sun isa. Amma nan ƙashi ne, Mama, kar ki taka sai an ɗauki hotonsa a asibiti."

Haka na zauna, ƙafa a sama, surukai na layin yi min sannu suna danne dariya.

A asibiti likita ya tambayi yadda aka yi. Na ce santsi ne ya kwashe ni. Maigidana ya yi gyaran murya ya ce, "Likita, santsin da ganga ya zo." Likitan ya ɗaga hoton yana murmushi, ya nuna min inda ƙashin ya tsage, ya ce masu rawa sun fi kowa samun irinsa. Aka sa min filasta, na yi makonni ina dogara sanda, ɗalibai na tambaya ina cewa tsautsayi ne. Da aka cire filastar kuma aka sa ni atisaye: in ɗauki tawul da yatsun ƙafa, in tsaya da ƙafa ɗaya ina riƙe da bango kamar mai laifi.

Na warke, alhamdu lillahi. Abin da na fahimta shi ne, zuciyata ba ta san shekaruna ba, amma ƙafata ta sani sarai. Yanzu in kiɗa ya tashi ita nake fara tambaya, kuma har yau ba ta taɓa cewa to ba.