Hantar Ragon Iya Tabawa

Bana na yi Babbar Sallah a gida, Malumfashi, bayan shekarun da na share ina gantali tsakanin Fatakwal da Kwatano. Ƙafata har ta fara ƙaiƙayin komawa, sai ga ɗan baffana Dakta Lawandi ya sauka daga ƙasar Turawa, inda yake binciken ciwon hanta a wata jami'a. Na ce bari in tsaya in ga wannan. A gidanmu akwai al'ada: ranar layya maza ba sa sa komai a baki sai an yanka ragon kakarmu Iya Tabawa, an gasa hantar, ta ɗauki tsinken farko ta miƙa wa jikan da ta zaɓa. Shi ne mijinta na shekara, sauran kuwa sai su haƙura da hanji da tumbi. Tun tafiyar Dakta, ƙaninsa Bashari ke cinye wannan sarauta. Dakta kuwa tun a mota ya rantse bana sai ya karɓe matarsa.

Ragon nan Iya da hannunta ta yi kiwonsa, dusa da harawa da kanwa, har ya kai ba ya iya tashi sai ya yi nishi. Da aka feɗe aka ɗora hantar a faranti, mata suna ta sa albarka, sai Dakta ya gyara tabarau ya duƙa a kanta. Ya latsa da yatsa, ya juya ta, ya girgiza kai.

"Iya, wannan ragon ai mara lafiya ne. Dubi launinta, kitse ya tarun masa a hanta. Cin banza aka yi ta ɗura masa ba motsa jiki. Da mutum ne da tuni na ba shi gado."

Iya dai ta sa aka yayyanka hantar, aka barbaɗa yaji, aka jera a wuta. Ƙamshi ya tashi, kowa cikinsa na kiran ciroma, na Dakta har ana jiyo shi daga bakin rijiya. Da tsinken farko ya gasu, ya matso ya tattare hannun riga. Iya ta zagaye shi ta miƙa wa Bashari.

"Haba Iya," in ji Dakta, "a gidan nan wa ya kai ni sanin hanta? Takardun binciken da na rubuta a kanta sun fi arba'in."

"Sannu da ƙoƙari. Wa ke karantawa?"

"Manyan masana na duniya. Duk wanda zai yi rubutu a kan kitsen hanta sai ya jingina da nawa, ya ambaci sunana. Akwai na'urar da ke ƙirgawa." Ya zaro waya ya kai mata har hanci. "Kin ga, an ambace ni sama da sau dubu uku. Daga Sin har Amurka."

Bashari, baki cike, maiƙo na bin haɓa, ya ce, "Yaya, har da wanda kake ambaton kanka da kanka?"

"Rufe min baki, kai ko a bayan layin nan wa ya san ka?"

Iya ta karɓi wayar ta riƙe ta a juye, ta ƙura mata ido kamar mai duban wata. "Dubu uku, duk kai kaɗai? Kuma kullum ƙaruwa yake?"

"Kullum, Iya. Ko ina barci."

"Ba ya ƙarewa?"

"Har bayan raina."

Ganin ta yi laushi, Dakta ya sake miƙa hannu wajen tsinke na biyu. Iya ta janye farantin, ta ɗora masa wayarsa a tafin hannu, ta naɗe masa yatsu a kai.

"To ungo, tsohon mijina, ka yi buɗa-baki da ambaton. Shi ai ba ya tara kitse."