Sunan da Hure Ba Ta Taɓa Kira Ba

A shekarun nan gonakin gero da gyaɗa sun matso unguwannin Tsanyawa har jikin katanga, motocin haya kuwa ba sa cika sai ranar kasuwa. A kakar bara ce matasan garin suka shirya tseren gudu domin tallafa wa waɗanda ciwon mantuwa ya kama tun ba su tsufa ba. Larai tana cikin masu ciwon. Shekarunta arba'in da shida, ta daina gane ɗanta Tahir. Tana zaune a wurin mahaifiyarta Hure, wadda saboda kunyar 'yar fari ba ta taɓa kiran sunanta ba.

Ranar tseren, Tahir ya durƙusa gaban kakarsa.

"Lafiya lau, angona," in ji Hure. "Wa ya koro ka da gajeren wando?"

"Tsere za ni, tsohuwa. Da ma ke nake son guje wa, yau na samu dalili."

"Da ƙafafun nan kamar sillen kara? Kakanka ya kori kura har Bichi, ya dawo bai nemi ruwa ba."

"Haƙoranki ya gani ya ruga. Sharri aka yi wa kura."

"Ja'iri. In gudu magani ne, ai da barewa ta zama boka."

Tahir ya dubi rumfa, inda mahaifiyarsa take tsince gyaɗa tana mayarwa cikin ɓawo.

"Malamar asibiti ta ce a riƙa kiran sunanta. Na ce Inna, ba ta waiga ba. Kawu ya kira, shiru. Muryarki kaɗai ta rage mata."

"Ni? So kake matan unguwa su ce Hure ta zubar da kunya da furfurarta?"

"Kunyar da ta rage miki ba ta cika cokali ba. A gaban liman kika ce ni mijinki ne."

"To ba ni takardata."

"Sai kin kira. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ba haka ba, a yi tseren ba ni."

Hure ta juya ta dubi rumfa. Sunan ya yi mata nauyi a baki kamar dutsen niƙa.

"Larai," ta ce a hankali. Sannan ta ɗaga murya. "Larai!"

Hannun ya tsaya cikin gyaɗa.

"Na'am, Inna." Larai ta dubi Tahir. "Wannan baƙon fa, an ba shi ruwa?"

Hure ta yi dariya, idonta ya cika. Ta kwance dabino uku daga haɓar zanenta.

"Ka kayar da ni. Ungo, baƙo. Je ka yi gudunka."

Tahir ya zo na goma sha tara. Hure tana kiran sunan kowace safiya, wani lokaci a amsa. Ma'aikaciyar jinyar da matasan suke son kawowa garin da kuɗin tseren ba ta zo ba tukuna, Larai kuma har yau ba ta gane ɗanta ba.