Rakiyar Alhaji Sha'ibu Ƙirjin Ƙarfe

Idan ana lissafa ni'imomin da Allah ya yi wa Kankara, bayan ƙasar noma da ruwan sama sai a ambaci ƙirjin Alhaji Sha'ibu. Shi ma ya amince da wannan jerin, sai dai yana ganin an yi gaggawar sa ruwan sama a gabansa.

Dillalin hatsi ne, amma kada ka kuskura ka faɗi haka yana ji. Muƙamin da ya naɗa wa kansa shi ne Jagoran Dattawan Ci-gaban Kankara, Faskari da Sabuwa. Shi ne shugaban ƙungiyar, shi ne kakakinta, kuma har gobe ana jiran mutum na biyu ya shiga. 'Yan kasuwa sun rage wa bakinsu wahala, suna ce masa Ƙirjin Ƙarfe. Ya ɗauka yabo ne, har ya sa an rubuta masa a bayan mota.

Sigari ce ta jawo masa sunan. Ya koyi sha tun yana saurayi yana bin motocin masara zuwa kudu, ya dawo da ita gida a matsayin shaidar wayewa. Sauran dattawa masu sha sukan laɓe bayan rumbu, su tauna goro, su fesa turare kafin su shiga mutane. Alhaji ba ya laɓewa. Yakan zaro kara daga aljihun babbar riga, ya bubbuga gindinsa a kan kwali, ya ƙyasta ashana, ya bar majalisa ta yi tsit tana jiran hayaƙin farko, sannan ya soma jawabi da muryar nan tasa mai kama da injin niƙa yana ɗaukar wuta.

"Ku saurara," yakan ce, ya daki ƙirji. Dum. Dum. "Kun ji tari? Wa ya taɓa jin na yi tari a garin nan? Likitocin da ke surutu a rediyo da ƙananan mutane suke, masu huhun kaza. Ni taba ta san da wa take zance."

Gaskiyarsa, ba ya tari. Yana kuma da hujja ta biyu da yake ajiye wa malamai.

"Masu cewa ta kama ni, ku dubi watan azumi. Kullum daga asuba har faɗuwar rana barinta nike. Wa ya kai ni iya bari?"

Tawali'u ne ke hana shi ƙarawa da cewa kafin ladan ya kai ƙarshen kiran magariba, zaurensa ya riga ya turnuƙe kamar ana gasa masara.

Abu na biyu da ya ɗaukaka sunansa shi ne rakiya. A wurinmu kowa ya san nisan da mai gida ya taka maka shi ne nauyinka a idonsa. To Alhaji ya mai da rakiya sana'a. Daga zaurensa zai riƙe hannun baƙo, su wuce teburin Kamilu mai shayi, su wuce famfon burtsatse, su wuce tsohuwar tsamiya, har bakin kwalta inda motoci ke tsayawa, jawabi bai yanke ba. Wani mutumin Ruwan Godiya ya rantse cewa motarsu ta tashi yana jin sauran nasihar tana biyo su ta taga.

Ana nan, sai sharaɓarsa ta dama ta fara sa baki cikin lamarin. In ya yi 'yar tafiya sai naman ya ɗaure kamar an tamke bakin buhu. In ya tsaya, ya saki. In ya ci gaba, ya sake kamawa. Ƙaramin mutum da ya ce ciwo ne ya nemi asibiti. Alhaji ba ƙaramin mutum ba ne. Ya gano cewa tsayuwa ma aikin jagoranci ce.

Da farko a gindin tsamiya yake cin birki. Ya ɗaga kai, ya ɗora hannu a kututturen.

"Wannan itaciyar tarihi ce. Al'ummar da ba ta tsayawa ta dubi tsamiyarta ta ɓata. To, sai ka ƙarasa, ni zan ɗan yi nazari."

Bayan damina ɗaya nazarin ya dawo famfo. Mata na layi da jarkokinsu, Jagora ya dafa hannun famfon yana binciken ingancin ƙarfe, fuska a murtuke, ƙafar dama a ɗan ɗage kamar ta zakara a ruwan sama. Daga baya kuma sai butar shayin Kamilu ta zama abin damuwar ƙungiya. Kamilu bai taɓa samun mai duba masa aiki da irin wannan naci ba, kuma bai taɓa sayar masa da kofi ko ɗaya ba.

Gari bai san da zancen sharaɓa ba, sai ya karanta abin yadda ya saba karantawa. Aka fara raba mutane aji-aji: wane ɗan tsamiya ne, wane ɗan famfo. Wanda aka sallama a teburin Kamilu kuwa ɗan shayi, kuma ba kalma ce da ake faɗa wa mutum a raba lafiya ba. Malam Gide na Sabuwa, abokin fataucinsa tun suna kwana kan buhuna, wanda bai san rakiyar da ta gaza kwalta ba, ranar da aka bar shi gaban buta ya koma gida bai ci tuwo ba. Ya bincika zuciyarsa bai ga laifin da ya yi ba. Daga ranar, in ya shigo Kankara iyakarsa teburin Kamilu, tunda nan aka ce matsayinsa yake.

Da labari ya kai kunnen Alhaji, sai ya fitar da matsaya.

"Zamani ya canja. A ƙasashen da suka ci gaba, babban mutum ba ya doguwar rakiya. Ina koya maku tsari ne."

Mutum ɗaya ce tsarin bai burge ba, matarsa Hajiya Shafa'atu. Ita ta lura tafin ƙafar nan sanyi ƙalau yake kamar randa, ga ƙwauri ya yi sumul, gashin ya zube. Ita ta ga mijinta na sa safa a tsakiyar bazara, lokacin da kaji ma ke buɗe baki don zafi. Ta yi magana, ya ce safa suturar manya ce, santsin ƙwauri kuwa gadon gidansu ne. Ba ta ja da shi ba. Ta ɗauki waya ta kira Dakta Lawwali na Mairuwa, ɗan goggon Alhaji, wato taubashinsa, mutum ɗaya tak a duniya da al'ada ta ba lasisin gaya masa magana son rai.

Dakta ya zo da hantsi, ya bar motarsa a bakin kwalta saboda lungun ba ya shiguwa, ya tako da 'yar jakarsa. Alhaji na jin likita ya zo auna shi ya aika a tara majalisa. Irin wannan nasara ba a yin ta babu shaidu.

"Bawana ya zo gaishe da ubangidanshi," ya sanar. "Zo nan, ɗan mace. Ɗora abin sauraren naka, ka gaya wa mutanen nan abin da ka ji."

Dakta ya ɗora, ya saurara.

"Ƙirji da sauran ƙarfinshi."

"Kun ji! Kun ji da kunnenku!"

"Ubangidana, ka sallami jama'a, sauran aikin namu ne mu biyu."

"Ba ni da abin ɓoyo. Yi a gabansu."

"To cire safa."

Alhaji ya ce mi ya haɗa taba da ƙafa, ai ba da ƙafa yake sha ba. Amma ya riga ya tara shaidu, ya cire. Dakta ya dafa bayan ƙafar da yatsu yana neman bugun jini, ya daɗe yana lalube. Ya naɗa abin awon jini a damtse, ya sake naɗa shi a idon sawu. Na sama ya yi magana da ƙarfi. Na ƙasa da ƙyar ya amsa sallama.

"Yaya, bari in ajiye wasa," in ji Dakta. "Kai tari kake jira, ita kuwa ta bi ta wata ƙofa. Jijiyar jini ba tiyon roba ba ce, nama ce mai rai. Abin da ke cikin hayaƙin nan yana shiga jini ya riƙa kartar bangonta ta ciki. Jiki ya ɗauka rauni ne, wurin ya kumbura don ya warke. Kafin ya warke ka kunna wata. Kumburi ne da ido ba ya gani, sai dai awon jini ya nuna alamarshi, kuma zan ɗibi naka in kai. A nan kitse ke samun wurin maƙalewa, bango ya yi kauri, ya yi tauri, hanya ta tsuke. In kana zaune, ɗan abin da ke wucewa ya ishi ƙafa. Da ka yi tafiya nama ya nemi ƙari, babu, sai ya ɗaure. Shi ne nazarin da kake yi gaban butar Kamilu."

Wani ya yi tari a bayan majalisa. Ba na taba ba ne.

"Kuma ba jijiyar ƙafa kaɗai ba ce. Ta wuya da ta zuciya duk hayaƙi ɗaya suke sha, ƙafa ce kawai ta riga su kai ƙara. Yanzu da sauran dama. Ka bar taba, kumburin zai fara lafawa. Zan ba ka magani, ka riƙa tafiya kullum, in ta ɗaure ka huta ka ci gaba. In ka ƙi, wata rana yatsa zai yi gyambo ya ƙi warkewa, kuma ba na son in zama ni zan kai ubangidana a rage mashi tsawo."

Alhaji ya mai da safa a tsanake. Ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya waiwayi jama'a.

"Kun ga illar ba bawa ilimi. Ƙafar da ta taka kasuwannin Faskari da Sabuwa tun ba a haifi rabinku ba, ita ce wai ba ta samun jini! To yau zan raka wannan yaron har bakin kwalta, irin rakiyar da. Duk mai ido ya fito."

Masu ido suka fito. Ya kama hannun Dakta, takalmi na ƙwas, ƙwas, jawabi na tashi kan darajar dattako. Suka wuce teburin Kamilu bai ko kalli buta ba. Malam Gide na zaune nan bisa benci, ya ajiye kofi ya bi ayari daga nesa, ya ga ko wane ne wannan da ya fi shi nauyi.

Wajen famfo takalmin ya canja murya: ƙwas, shiii, ƙwas, shiii. Jawabin ya fara zuwa gutsure-gutsure.

"Dattako… shi ne… wato dattako…"

Gumi ya jiƙa bakin hula. Ya wuce famfon da ƙarfin hali, mata suka bi shi da kallo. Ga tsamiya can tana jira. Tsakaninsa da ita sai ƙafar ta ce iyakarta ke nan.

Jagora ya duba dama, ya duba hagu, yana neman abin dubawa. Babu itace, babu famfo, babu buta. Katangar ƙasa ce kawai da wata akuya tana sosa jiki. Ya dafa katangar.

"Wannan gini… ku dubi… aikin magabata…"

"Bara aka yi ta, Alhaji," in ji mai katangar.

A hankali Ƙirjin Ƙarfe ya sulale ya zauna a ƙasa, ya riƙe sharaɓa da hannu biyu. Akuyar ta matsa masa.

Malam Gide ne ya fara isowa. Ya tsuguna, ya dubi ƙafar, ya dubi abokinsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ashe ba raini ba ne. Ashe ƙafa ce. Allah sarki, Alhaji! Ka yafe mani zargin da na yi maka."

Da zagi ya yi da Alhaji ya san amsar da zai ba shi. Allah sarkin nan kuwa ta bi layi, daga bakin maza zuwa bakin matan famfo, har ta kai teburin shayi. 'Yan tsamiya da 'yan famfo da 'yan shayi suka dubi juna, aji ya rushe a tsaye.

Da ciwon ya saki, Dakta ya kama hannun dama, Malam Gide ya kama na hagu, suka juya da shi. Ranar nan Kankara ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: baƙi sun rako mai gida har zaurensa, suka zaunar da shi, suka yi masa sai an jima. Dakta ya ɗibi jinin, ya bar magani a hannun Hajiya, ya taka zuwa motarsa shi kaɗai.

Alhaji ya numfasa, ya dubi 'yan majalisar da suka rage. Murya ta dawo.

"Kun dai shaida. Likita guda, da digirinshi, ya rako ni har gida. A duk ƙananan hukumomin nan uku, wa aka taɓa yi wa haka?"

Daga bayan labule Hajiya Shafa'atu ta ce ga magani da ruwa. Ya ce ta ajiye, manya ba sa gaggawa. Ya laluba aljihu, ya bubbuga gindin kara a kan kwali, ya ƙyasta ashana. Ya zuƙe tabar sannu a hankali, cikin girmamawa, bai sake ta ba sai da wuta ta taɓa yatsa.

Ita kaɗai ta rage cikin baƙinsa da yake rakawa har ƙarshe. Ita ma tana da ladabi, ba ta da niyyar barinsa a hanya.