Sarkin Waƙafi Ya Buɗe Aji

Idan ana lissafin masu kishin yaren kwamfuta, a fara da Injiniya a tsaya a kansa, sauran duk 'yan rakiya ne. Akwai wani tsohon yare da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, masu amfani da shi suna da ƙungiya, kuma Injiniya ne shugabanta. Shi ne kakakinta. Shi ne kuma mai fara tafi idan kakakin ya gama magana. A gabansa Injiniya ake ce masa. A bayan ido kuwa Sarkin Waƙafi, tun ranar da wani sabon shiga ya ajiye waƙafi inda bai dace ba, Injiniya ya yi masa wankin babban bargo a bainar jama'a, har bawan Allah ya bar sana'ar ya koma gyaran fanka.

Da irin wannan horo ƙungiya ta tsarkaka. Ta yi ta tsarkaka har kujerun taro suka fi mutane yawa, ƙaramin cikinsu ma ya fara rina furfura.

Sai wata malamar lissafi, 'yar ƙungiya, ta kawo shawarar a buɗe wa yara aji ranar Asabar. Ta riga ta roƙi shugabar makarantarsu ɗakin kwamfuta, an ba ta aro na zango ɗaya, in yara ba su zo ba a karɓe mukulli. Yaren da babu yara a cikinsa, in ji ta, likkafani kawai yake jira.

Injiniya ya gyara zaman tabarau. "Malama, yaren nan ba filin ƙwallo ba ne. Ni da na ba shi ƙuruciyata, sai in damƙa shi ga masu majina?"

Wani daga baya ya ce ai ranar buɗewa mai hoto zai zo daga jarida. Nan take Allah ya buɗe ƙirjin Injiniya. Ya tuna ashe tun fil'azal shi mai son yara ne, shawarar ma ta daɗe a ransa, Malama riga shi faɗa kawai ta yi.

Ranar farko yara suka cika ɗaki, yatsu na ƙaiƙayi. Malama ta shirya musu ɗan darasi, yadda za su sa wata kyanwa ta yi tsalle a fuskar kwamfuta. Suka tarar an lulluɓe kowace kwamfuta da leda.

"Ya ku manyan gobe," in ji Injiniya, yana fuskantar mai hoto, "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babu mai taɓa na'ura sai ya san tarihi."

Tarihin kuwa nasa ne. Asabar ta bi Asabar ana jin yadda ya fara ganin kwamfuta, da yadda a wani babban taro ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro yaren ya kusa miƙa masa hannu. Daga nan aka shiga kwafar umarni daga allo da fensir, shi kuma yana bi da jan biro kamar mahauci.

Wata rana yana tsakiyar labari, wata yarinya ta ɗaga leda, ta kunna, ta buga abin da ta kwafa. Kwamfuta ta watso mata jan rubutu, wai ta yi kuskure. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, sauran suka yi caa a kanta, wannan na cewa goge nan, wancan na cewa a'a, can ne. Ɗakin bai taɓa yin rai irin na ranar ba. Injiniya ya tsallake benci ya fizge waya daga bango.

"Kuskure? A ajina?"

"Injiniya, da faɗuwa ake koyon tafiya," in ji Malama.

Ya kori yarinyar, ya ƙara wa Malama girma zuwa mai tsaron ƙofa. Da ta ajiye muƙamin, ya aika mata gargaɗi kada ta kuskura ta koyar da yarensa ba da izininsa ba. Ta bi umarni. Ta ɗauki tsohuwar kwamfutarta ta ajiye a falonta, ta koma koyar da wani yaren da mutanensa ke maraba da yara. Ajin Injiniya ya riƙa tsiyaya kamar tulun da ya tsage, har ranar da ya yi wa benci lacca, bencin kuma bai katse shi ba.

Ƙarshen zango shugabar makaranta ta karɓe mukullinta. Injiniya ya tara dattawan ƙungiya ya yi musu albishir: "Tun da na kawar da ɓara-gurbi, ba a sake yin kuskure ko ɗaya a ajina ba." Aka tafa. Gaskiya ya faɗa, a maƙabarta ma ba a rigima.

Yana fitowa matarsa ta kira shi ya biya ya ɗauko 'yarsu Auta daga darasi, ta yi masa kwatancen gida. Ya isa ya tarar da takalman yara tuli a bakin ƙofa, ciki ana ta ihu. Ashe gidan Malama ne. Auta ta ja hannunsa har gaban kwamfutarta.

"Baba, duba! Ta ƙi, ta ƙi, na gyara da kaina!"

Injiniya ya sunkuya, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ko layi ɗaya bai iya karantawa ba.

"Wane yare ne wannan?"

"Namu ne. In kana so ka zo ran Asabar, Baba. Malama ba ta korar wanda bai iya ba."