Ranar da Na Ari Arziki

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Habu, ɗana na fari, ya ci jarrabawar shiga lise, wato sakandare, ba. Zamanin shugabanmu na farko ne, ina wankin hula a nan unguwar Briketeri. Ya dawo ya ce gwamnati na ba da burs, wato tallafin karatu, amma sai wata madam ta zo ta ga gidanmu tukuna. In babu burs ɗin nan, to karatu ya ƙare, sai ya zauna ya taya ni shanya huluna.

Ni kuwa bokona bai wuce sa hannu da babban yatsa ba. Da na ji gwamnati za ta zo gidana, sai na ɗauke shi kamar neman aure. Wa zai ba gidan matsiyata amanar kuɗinsa? Ai sai an ga mutunci.

Habu ya ce, "Baba, ai masu ƙaramin ƙarfi ake..."

Na ce, "Rufe min baki! Kai ka haife ni?"

Na bazama aro. Darduma da fanka daga gidan Alhaji Tanko maƙwabcinmu (ko wuta ba mu da ita, amma fanka ai ado ce). Rediyo daga Buba mai nama. Hajara matata ta kwaso kwanonin jere na maƙwabta har bango ya ɓace. Alhaji ya ƙara mini da babbar riga mai aska takwas, ya kuma yarda a jingine Vespa ɗinsa a ƙofata.

Madam ta iso, 'yar unguwar Tsinga, da gilashi. Habu ne tafinta. Aka ajiye mata kaza. Ta tambayi sana'ata, na gyara hannun riga na ce, "Harkar tufafi, da ɗan abin da ba a rasa ba a kasuwar Mokolo." Ta ce shanu fa? Na ce, "Suna arewa." (Ban yi ƙarya ba. Shanu suna arewa, ban dai ce nawa ba ne.) Habu na fassarawa murya na rawa, ni ina zaton kwarjinina ne.

Ta miƙe tana murmushi, ta yi Faransanci mai daɗi. Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce barka, Baba. Wai gida irin wannan ba ya buƙatar burs, za a ba ɗan talaka."

Jama'a, sai na yi zumbur na miƙe. Na tare ƙofa na rantse ban da komai. Ta dubi Vespa, ta dube ni. Ta ce wa zai shaida?

Nan fa Hajara ta leƙa ta katanga ta ƙwala kira. Ban taɓa sanin maƙwabtana na da kishin gaskiya haka ba. Kowa ya zo da gudu, kowa ya ɗauki kayansa, kuma babu wanda ya tafi bai yi jawabi ba.

Buba ya rungumi rediyonsa ya ce, "Madam, wannan ko ƙashi sai ranar sallah yake saya."

Wata tsohuwa ta ce, "Gishiri ma a wurina suke ɗiba!"

Na ce, "Inna, ya isa haka."

Ta ce, "Bari in taimake ka, ɗan nan," ta ci gaba har da zancen rufin da ke yoyo.

Sai Alhaji Tanko ya matso a hankali ya ce, "Malam, rigar." Na ce a bari sai an jima. Madam ta naɗe hannu tana jira. Na tuɓe. Abin da ke ciki wata singileti ce da ta fi rariya ƙofofi, ga yaran unguwa cike da zaure. Madam ta cire gilashi ta share hawayen dariya, ta ce ta gamsu.

Habu ya sami burs, ya yi karatunsa. Ni kuma wata guda ina bin bayan layi zuwa masallaci.

Abin da na koya shi ne, talaucina ne kaɗai kadarar da gwamnati ta taɓa nema a wurina, shi ma na tashi na ɓoye shi a ƙarƙashin dardumar wani.