Bikon Malamin Jaz

Akwai wani malamin kiɗa a wata kwaleji a Kaduna, Malam Tanimu, wanda Allah ya jarabce shi da son kiɗan nan na ƙetare da ake kira jaz, irin wanda ake gauraya shi da waƙar zamani. Shi dai ba ya jin sauti ya bar shi ya wuce lafiya. Ko daka ake yi a maƙwabta sai ya tsaya ya ƙirga, ya ce taɓarya ta biyu tana shigowa a makare, wai kuma daɗin ke nan. Ran nan matarsa Uwani tana yi masa faɗa don ya manta da ita a gidan suna, sai ta ga yana kaɗa yatsa a kan tebur. Da ta tsaya shan numfashi ya ce, "Kin san faɗanki uku-uku yake tafiya? Ɗan maimaita daga 'kullum kai' in ji." Ko mayafi ba ta tsaya zaɓa ba, ta suri akwatinta ta yi yaji zuwa gidan gwaggonta Tabawa a Tudun Wada.

Da garau-garau ya ishe shi, sai ya shirya biko. Wani da turmin atamfa zai je, da dattijo mai baki. Shi waƙa ya rubuta, ya naɗa a waya.

Gwaggo ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Uwani ta zauna daga bakin ƙofar ɗaki tana cin magani. Ya kunna waƙar. Ba ta yi nisa ba ya tsayar.

"To, wannan shi ne baiti na farko. Na biyu zai biyo shi da kari iri ɗaya, sannan amshi, sannan wani ɗan yanki da muke kira gada, wanda ake hawa a tsallaka zuwa ƙarshe."

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, haƙuri ka zo bayarwa ko lacca?"

"Gwaggo, ai haƙurin yana cikin amshi. Sai an yi haƙuri ake kai wa gare shi."

Ya sake kunnawa. Gwaggo ta kasa kunne, ta yamutsa fuska. "Shi wannan makaɗin lafiyarsa kuwa? Na ji kiɗan yana ɗingishi."

"Da gangan yake yi, Gwaggo."

"Na san da ganga yake yi, da da ƙwarya zai yi? Lafiyarsa na tambaya."

Dariya ta ƙwace wa Uwani, ta rufe baki da gefen mayafi. A nan ne idon Malam ya sauka kan akwatinta, a ɗaure tsaf a bakin ƙofa. Ashe tun kafin ya zo ta huce. Ransa ya yi fari, ya gyara zama, ya ga ai sai ya ƙarasa darasi.

"Ga babban sirrin," in ji shi. "Sautin da waƙa ta tashi daga kansa, gida muke ce masa. Takan bar gida ta yi ta yawo. Ɗan koyo shi ke gaggawar mayar da ita. Gwani kuwa jan rai yake yi, ya kawo ta har bakin ƙofa, mai sauraro ya ce ga ta nan, sai ya sake kauce da ita. Iya daɗewarta a waje, iya daɗin dawowarta."

Uwani ta gyaɗa kai a hankali. Ta miƙe, ta kama akwatin, ta ja shi zuwa cikin ɗaki.

"Uwani! Ina kuma za ki da kaya? Ba gida za mu ba?"

Ta leƙo ta gefen labule ta ce, "Haba Malam, ni da nake auren gwani? Yanzu na shiga baiti na biyu, ko gada ban hau ba."